Om 2 ko om 4? Lissafin da ya ƙone amfilifayar yayana a Sharaɗa

A watan Afrilun da ya wuce, lokacin da zafin Kano ke kan ganiyarsa, yayana ya taso daga aiki a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa. Motarsa ta wuni a rana. Ya tada ta, ya haɗa wayarsa da rediyon mota ta Bluetooth, ya ƙure murya. Bai yi nisa ba sai wufa ta ɗauke ɗif, sauran ƙananan lasifikoki suka ci gaba da waƙa su kaɗai. Can sai ƙaurin roba ya fara shigowa daga but. Ya yi sa'a ya tsaya da wuri ya zare kan batir, domin da ya ƙara minti biyar, mai yiwuwa labarin motar gaba ɗaya nake ba ku yau.

Amfilifayar ko sati uku ba ta yi ba, kuma sai da ya yi watanni yana tara kuɗinta. Da ya dawo gida maganarsa ɗaya ce: an sayar masa da jabu.

Ni sakandare na gama, sana'ata rubuta manhaja, ita ma a waya da bidiyon YouTube na koye ta. Amma na saba da abu ɗaya: idan manhaja ta ƙi aiki, kafin ka zagi kwamfuta, duba abin da ka ba ta. Sai na ce masa, "Yaya, kafin ka je ka yi rigima a kasuwa, mu kai wa Baba ya duba."

Baban nan dattijo ne da ya yi shekaru yana gyaran injina a wata masaƙa a Bompai. Da masaƙar ta rufe, kamar yadda da yawa daga cikin kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa suka rufe, sai ya buɗe rumfa yana naɗin kwayil na injin markaɗe, famfon burtsatse da fanka. Bai ma buɗe amfilifayar ba. Bayan wufar ya leƙa, ya bi wayoyin da yatsa, ya ɗora mita, ta nuna 1.8. Sai ya dubi yayana ya ce, "Ɗana, wa ya haɗa maka wannan? Ai ba jabu ba ce. Kayan raƙumi kuka labta wa jaki."

Abin da ke cikin wannan 1.8 shi nake so mu warware, saboda da yawanmu wat muke kallo a jikin kwali, alhali lambar da ke ƙone kaya ita ce 'yar ƙaramar nan mai alamar Ω.

Mene ne om ɗin?

A cikin kowace wufa akwai siririyar wayar tagulla da aka naɗe zagaye-zagaye, tana zaune a tsakiyar maganaɗisu. Shi ne kwayil. Idan amfilifaya ta turo wuta, kwayil ya yi gaba ya yi baya, ya ja takardar wufar, ta bugi iska, ka ji dum a ƙirjinka. Kwayil ɗin nan ba ya barin wuta ta wuce yadda ta ga dama, yana yi mata turjiya. Wannan turjiyar ita ake kira imfidans, kuma da om ake auna ta, sunan wani malamin kimiyya Bajamushe, Georg Ohm, wanda ya wallafa dokarta a 1827.

Dokar gajeriya ce. Yawan wutar da ke kwarara, wato amfiya, daidai yake da ƙarfin turi, wato bolt, a raba da om. Ke nan idan om ya yi ƙasa, wutar da ake zuƙa sai ta yi sama.

A nan mutane ke ruɗewa. Hankali yana ba ka cewa om 8 ya fi om 2 nauyi, tunda lambar ta fi girma. A wajen amfilifaya akasin haka ne. A ce tana fitar da bolt 20. Ka ba ta wufa mai om 4, za ta tura amfiya 5, ka samu wat 100. Ka ba ta om 2, amfiya 10, wat 200. Ka ba ta om 1, dole ta nemo amfiya 20 don wat 400. A takarda kamar garaɓasa ce, kullum ka rage om sai wat ya ninka. Amma amfiya 20 ɗin nan ta cikin taranzistocin amfilifaya za su bi, kuma zafin da ke taruwa a cikinsu yana hawa da sauri ƙwarai. Idan ba a gina ta don haka ba, ko ta kashe kanta, ka ga jar fitilar da aka rubuta PROTECT ta kama, ko ta gasu.

Shi ya sa kowace amfilifayar kirki ke faɗin mafi ƙarancin om da take ɗauka. Wannan lambar iyaka ce. Za ka iya ba ta sama da haka, ƙarfi ne kawai zai ragu. Ƙasa da haka kuwa, ka shiga caca da kuɗinka.

Kai ma ka taɓa cin karo da wannan a wayarka ba ka sani ba. Yawancin abin saurare na kunne om 16 ne ko 32, shi ya sa waya ke iya kaɗa su. Akwai na situdiyo irin su Beyerdynamic DT 770 Pro mai om 250, idan ka soka shi a waya ka ƙure murya za ka ji sautin can ƙasa-ƙasa. Bai lalace ba, kuma bai fi mai om 32 rashin kyau ba. Wayar ce ba ta da bolt ɗin da za ta tura masa wuta isasshiya. Om ba ma'aunin inganci ba ne.

Me ya sa mita ba ta nuna lambar da ke jikin kwali?

Na tambayi Baba wannan, domin na ga an rubuta om 4 a wufar amma da ya auna kwayil ɗaya mita ta ce 3.5. Ya ce haka injin kamfani ma yake: ka auna kwayil ɗinsa a kashe ka ga 'yan om kaɗan, amma idan yana juyawa a kan wutar layi, turjiyarsa daban ce.

Mita da ɗan batirinta take aunawa, wuta mai tafiya hanya ɗaya. Waƙa kuwa wuta ce mai kai da komowa, sau 40 ko 50 ko 80 a daƙiƙa idan bas ne. A irin wannan wuta turjiyar kwayil ba ta tsayawa wuri guda. Akwai wani amo da wufa ta fi son rawa a kansa, a nan imfidans ɗin kan yi tsalle ya ninka sau da yawa, sannan ya sauko, sannan ya sake hawa a hankali yayin da sauti ke ƙara siririntaka. Hatta akwatin da ka saka ta yana canza wannan. Lambar da ke jikin kwali ƙiyasi ne da kamfani ya zaɓa don a yi lissafi da shi.

Don haka idan ka auna: wajen 3.2 zuwa 3.6 na nufin om 4 ne. Wajen 1.6 zuwa 1.9, om 2. Wajen 6 zuwa 7, om 8. Kafin ka auna, haɗa bakunan mitar biyu da juna ka ga abin da za ta nuna, mita mai araha takan nuna 0.2 ko 0.4, sai ka cire wannan daga sakamakon. Kuma a zare wufar daga amfilifaya tukuna, kada kuma ka taɓa takardarta lokacin awo, lambar za ta yi ta rawa.

Ƙofa biyu a jere, ƙofa biyu a gefe

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin wani babban kamfani a Challawa lokacin tashin ma'aikata zai gane wannan ba sai an zana masa ba. A ce ƙofa ɗaya ce, mutane na fita ɗaya bayan ɗaya. Idan aka buɗe ƙofa ta biyu a gefenta, mutum biyu ke fita lokaci guda, cunkoso ya ragu da rabi. Idan kuwa ƙofa ta biyun a gaban ta farko take, sai an caje ka a nan a sake caje ka a can, jinkiri ya ninka.

Haka haɗin kwayil yake. Haɗin jere, wanda masu wayarin ke kira siris, shi ne ka ɗauki ƙafar − ta kwayil na farko ka kai ta ƙafar + ta na biyu, ragowar ƙafafu biyun su tafi amfilifaya. A nan tarawa ake yi: 4 da 4 sun zama 8. Haɗin gefe, wato faralel, shi ne + da + wuri guda, − da − wuri guda. Idan om ɗinsu iri ɗaya ne sai ka raba da yawansu: 4 guda biyu sun zama 2, 4 guda huɗu sun zama 1. Idan sun bambanta, ka ninka su ka raba da jimillarsu: 4 sau 8 a raba da 12, kusan 2.7. Amma ban ba ka shawarar gauraya wufofi masu om daban-daban ba, ɗaya za ta riƙa shan wuta fiye da 'yar uwarta.

Yanzu juya wufarka. Idan ƙafafu biyu ka gani, kwayil ɗaya ne, a kwali ana rubuta SVC, kuma om ɗinta ba ya canzawa. Idan huɗu ne, biyu a kowane gefe, kwayil biyu ne a ciki, DVC. Irin wannan ba ta da om guda, haɗinka ne ke yanke hukunci. Mai 4 da 4 tana zama 2 ko 8. Mai 2 da 2 tana zama 1 ko 4. Ka lura, mai 4 da 4 ba za ta taɓa ba ka 4 ba idan ka haɗe kwayil biyun. Mai saye ya ga "4Ω" a kwali, ya ɗauka ya sayi wufa mai om 4, alhali lambobi biyun da za ta iya ba shi babu 4 a ciki.

Ta yayana ke nan. DVC ce mai 4 da 4, wanda ya haɗa masa ya yi haɗin gefe. Shi ne 1.8 ɗin da mitar Baba ta nuna: om 2.

Wasu kan ce to a haɗa kwayil ɗaya a bar ɗayan. Za ta yi ƙara, amma ka rage wutar da za ta iya ɗauka sosai, kuma ka canza yadda take aiki a akwatinta. Kuɗin kwayil biyu ka biya.

Inda gada ta karye

Yayana ya yi gardama a nan, kuma yana da hujja. Ya nuna wa Baba jikin amfilifayar inda aka rubuta tana ɗaukar om 2. "To Baba, ga 2 ga 2, ina laifin?"

Laifin yana cikin layin da ke ƙasa da wannan, wanda ba wanda ya karanta. Amfilifayarsa mai layi biyu ce, hagu da dama, abin da ake kira chanel. Kowane layi shi kaɗai yana ɗaukar om 2. Amma don a samu ƙarfi a wufa guda, sai aka yi mata gada, wato birij: aka ɗauki + daga layin hagu, − daga layin dama. A wannan haɗi layi ɗaya na turawa, ɗayan na ja, bolt ɗin da ke kan wufa ya ninka biyu. Sakamakonsa, kowane layi yana jin rabin om ɗin da ka ɗora. Ka ɗora 4, kowanne ya ji 2, lafiya lau. Ka ɗora 2, kowanne ya ji 1. Shi ya sa yawancin masu layi biyu ke rubuta om 4 a matsayin iyaka idan an yi gada.

Wato sati uku amfilifayar nan tana aiki a rabin iyakarta, a cikin rufaffen but, an kwantar da ita a kan kafet, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, cikin motar da ke wuni a filin kamfani ba inuwa. Ya ce tun satin farko takan ɗauke ta dawo idan ya daɗe yana kiɗa, ya ɗauka waya ce ta saki. Gargaɗi take yi masa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da waya ɗaya aka sauya wa wuri da ba a yi asara ba. Takardar amfilifayar ta ce wat 75 a kowane layi a om 4, wat 250 a gada a om 4. Da an yi wa wufar haɗin jere ta zama om 8, aka yi gada, kowane layi zai ji 4, a samu wajen wat 150, amfilifaya na aiki cikin sanyi. Za ka ce an yi asarar wat 100. A kunne bambancin 150 da 250 bai wuce desibel 2 da ɗoriya ba. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai wat ya ninka wajen sau goma. Akwati mai kyau, wanda aka yi daidai da girman da kamfanin wufar ya faɗa kuma ba ya zubar da iska, zai iya ba ka fiye da abin da kake nema a wajen rage om.

Idan kuwa ba ka riga ka saya ba, abin ya fi sauƙi. Amfilifaya mai layi ɗaya, mono, wadda aka yi don wufa, yawanci tana ɗaukar om 2, wasu har om 1. Duba a wane om take ba da cikakken ƙarfinta, sannan ka nemi wufar da haɗinta zai sauka daidai nan. Mono mai om 2: DVC mai 4 da 4 guda ɗaya a haɗin gefe, ko SVC mai om 4 guda biyu. Mai layi biyu da za a yi wa gada: SVC mai om 4, ko DVC mai 2 da 2 a haɗin jere. Ka yi wannan lissafin a wayarka kana tsaye a shagon, ko a Sabon Gari ne ko a ina, kafin ka tura kuɗi.

Wat 3000 na jikin kwali

Kwalin amfilifayar yayana 3000W aka rubuta da manyan baƙaƙe. Ga yadda za ka kama wannan ƙaryar cikin daƙiƙa goma. Duba fiyus ɗin da ke jikinta. Nata na amfiya 30 ne. Mota idan tana aiki, altaneta na ba da wajen bolt 14.4. Ka ninka 30 da 14.4, wat 432. Iyakar abin da zai iya shiga cikinta a ɗore ke nan kafin fiyus ya tsinke, kuma ba duka ke zama sauti ba. Irin nata, ajin AB, kusan rabi ko sama da rabi kaɗan take mayarwa sauti, sauran zafi ne. Ajin D kan kai kashi 80 cikin 100. To daga ina 3000 za ta fito?

Duk inda ka ga MAX, PEAK ko PMPO, wuce. RMS kaɗai ake lissafi da shi, kuma RMS ɗin ma sai an faɗi a om nawa. Akwai ma'aunin da ƙungiyar masu kayan lantarki ta Amurka ta fitar, CTA-2006, a tsofaffin kwalaye CEA-2006, wanda ke auna ƙarfi a bolt 14.4 ba tare da gurɓatar sauti ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. Ganin tambarinsa alama ce mai kyau, duk da cewa mai buga 3000W ba zai ji kunyar buga tambari ba. Ka daidaita RMS na amfilifaya, a om ɗin da za ka yi amfani da shi, da RMS na wufa, su yi kusa da juna.

Wannan lissafin na fiyus yana tuna maka wani abu: wat ɗin daga batir da altaneta yake fitowa. Amfilifayar ajin D mai wat 500 na gaske za ta nemi sama da amfiya 40 idan an ƙure ta. Idan fitilun motarka na lumshewa duk lokacin da bas ya buga, cajin ne bai isa ba. Masu A Daidaita Sahu su fi kowa kula, cajin keke ƙarami ne, haɗin om 1 a cikinsa kashe batir ne kawai. Sannan babbar wayar da ke tasowa daga batir dole a sa mata nata fiyus kusa da batir ɗin, kada ya wuce taƙi biyu. Ka kankare bakinta da wuƙa, idan ka ga fari a ƙarƙashin ja, alminiyam ce aka shafa wa tagulla, sai ka ƙara kauri. Wanda kuma ya ce zai ɗaure maka fiyus da silin waya, karɓi makullinka.

Saita ta da wayarka

Saura abu ɗaya da ke ƙone wufa ko da om ya yi daidai: maɓallin da aka rubuta GAIN ko LEVEL. Ba na ƙara murya ba ne. Aikinsa daidaita amfilifaya da siginar da rediyo ke turowa. Idan aka murɗe shi ƙarshe, amfilifaya na ƙoƙarin fitar da abin da ba ta da shi, sai ta riƙa gutsure kan sautin, bas ya koma kamar ana buga garwa, kwayil ya yi ta ɗaukar zafi har ya ƙone.

Da mita da wayar hannu za ka saita shi. Ka ninka wat RMS da om, ka danna alamar √ a kalkuletar wayarka. Ga wat 300 a om 2, √600, bolt 24.5. Sauke manhajar da ke fitar da amo, ka sa ta a 50Hz. An zaɓi 50 ne don tana cikin zangon wufa, kuma daidai take da bugun wutar KEDCO, inda ko mita mai araha ke auna daidai. Zare wayoyin wufa daga amfilifaya. Kashe duk wani ƙarin bas, na rediyo da na amfilifaya da na cikin manhajar waƙarka. Mayar da GAIN ƙasa gaba ɗaya. Tada mota. Ƙure muryar wayarka, domin idan ka saita da rabin murya, ranar da ka ƙure ta ka wuce iyaka. Muryar rediyo kuma ka kai ta kashi uku cikin huɗu. Sa mita a AC, ɗora ta inda wufa ke shiga, ka riƙa murɗa GAIN a hankali har lambar ta kai. Daga ranar, wannan kashi ukun cikin huɗu shi ne ƙarshen muryarka. Idan kana shakkar RMS ɗin da aka rubuta, yi lissafin da abin da fiyus ya nuna maka, ka tsaya ƙasa kaɗan.

Baba ya ce shi injina yake naɗawa, ya tura mu wajen wani mai gyaran rediyo, aka sauya taranzistocin da suka ƙone. Wufar ta tsira, kwayil biyun duka 3.5 suka nuna. Ni na sake haɗin da hannuna a ƙofar gida: − na farko zuwa + na biyu, mita ta ce 7.0. Muka ɗaga amfilifayar daga kan kafet muka ɗaure ta a jikin katako yadda iska za ta ratsa ƙarƙashinta. √1200 ya ba mu 34.6, na tsayar da ita a 33. Yayana ya saurari waƙa biyu, ya ce kamar ta ɗan rage ƙarfi, ya miƙa hannu zai taɓa GAIN. Na ce, "Yaya, taɓa jikinta tukuna." Ya ɗora tafinsa a kai ya bar shi nan, ɗumi ne kawai. Washegari na sa salatif na rufe maɓallin.